Aron Usaini

A Kontagora, in aka zo zancen mutanen kirki, ba a daɗewa sai an ambaci Jinaidu na kamfanin mai. Za a ce maka shi ne Bafulatanin nan da ya riƙe wani Bakambare, Kirista ma kuwa, shekara da shekaru, ya yi jinyarsa, ya ciyar da gidansa, ba dangin iya ba na baba. Duk gaskiya ne. Ya yi hakan, har fiye da yadda ake faɗa. Abin da ba a taɓa tambaya ba shi ne me ya sa, don mu nan in mutum ya yi alheri sai mu ce Allah ya saka, mu wuce.

An haifi Jinaidu a wata ruga cikin dajin Mashegu. Ubansa Buba, wanda kowa ke kira Bappa, ba shi da babban garke, amma yana da suna guda da ya fi garken: bai taɓa hana aron saniya ba. In ciwo ya share wa wani shanu, Bappa zai kora masa karsana, mutumin ya riƙe ta har ta haihu, ya sha nono, ya ajiye maraƙin, sannan ya mayar da uwar. Yakan ce abin da ke tsaye a garkenka ba ya aiki, alhali ɗan uwanka na kuka, ba naka ba ne, ajiya ce. Da aka zo neman yaran boko, Jinaidu ya bayar, don shi ne ɗan da ke sakin shanu su shiga gonar mutane, shi yana gindin itace yana kwance tocila ya ga inda hasken ke kwana.

A makarantar koyon sana'a ya haɗu da Nababa, ɗan gidan malamai na cikin gari. Nababa bai taɓa zaginsa ba. Da zagi ne ma da ya fi sauƙi. Alheri yake masa, irin mai ciwon nan: ya ba shi tsohon takalmi a gaban 'yan aji, ya gyara masa Hausa yana murmushi, in wasu sun kira shi ɗan daji ya ce su ƙyale shi, ai ba laifinsa ba ne. A jarrabawa Nababa na ɗaya, Jinaidu na bin bayansa. Haka har suka fita.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka buɗe kamfanin matse man gyaɗa da na angurya a bakin gari, aka ɗauki Jinaidu mai kula da na'urorin awo. Zuciyar kamfanin tukunyar tururi ce, wadda ma'aikata ke kira boila. Turawan da suka kafa ta sun ajiye wata durowar ƙarfe mai tsayin mutum a wani ɗan ɗaki mai sanyi, cikinta jere da allunan lantarki sirara, kamar littattafai a kanta. Kati ake ce musu. Wasu na saurare ne: ma'aunin da ke jikin tukunyar zai aiko da 'yar wuta ta waya, tana ƙaruwa tana raguwa daidai da yawan ruwa ko ƙarfin tururi, katin ya karanta. Wasu na umarni ne: su ke gaya wa bawul, wato ƙofar da ruwa ke bi ya shiga tukunyar, ya buɗe kaɗan, ya ƙara, ya rage. Ba aikin kunna da kashe ba ne, aikin kintace ne, kamar hannun mace a kan gishirin miya.

Kuma duk kati mai muhimmanci biyu ne, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya na aiki da koriyar fitila. Ɗayan na zaune da fitila ruwan ɗorawa, yana jin duk abin da ɗan uwansa ke ji, bai ce uffan ba. Ranar da na farkon ya mutu ko ya fara ƙarya, na biyun zai karɓa tun bawul bai sani ba, ƙararrawa ta yi kuka a zo a canja mataccen. Ma'aikata ba su wahalar da bakinsu da sunan Turanci ba. Hasan da Usaini suka raɗa musu.

Makullin ɗakin a aljihun Jinaidu yake. Wanda ke tsaye gaban tukunyar kuwa Andarawus ne, mutumin Salka, dattijon coci, mai faɗin kafaɗa, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba amma yake ce masa Oga. Shi ba ya shiga ɗakin sanyi. Allon da ke waje yake dubawa, inda allura ke nuna abin da katin ya karanta. Akwai kuma wani bututun gilashi can sama a jikin tukunyar, da ake ganin ruwan ido da ido, sai an hau tsani an goge shi. Jinaidu da kansa ya ce musu su daina karya wuyansu a kansa, allon nan ba ya ƙarya, gadinsa mutum biyu ke yi.

Suna da wasa a tsakaninsu. Andarawus zai ce, "Oga, yau ma nono ka karya da shi? Shi ya sa iska ke ɗaukarka." Jinaidu ya ce masa ai gara nono da abin da Kambari ke karyawa da shi, ya matsa can kada warin burkutu ya kashe masa kati. Kowa ya yi dariya, har manaja. Kowa kuma ya san Andarawus bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ranar Juma'a shi ke riƙe tukunya Musulmi su tafi masallaci, ranar Lahadi su riƙe masa.

Sai zamani ya juya. Naira ta faɗi, kayan gyara suka zama sai an yi ta jira daga Legas. Katunan ajiya suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Manaja in ya leƙa durowar, ya ga jerin fitilun nan ruwan ɗorawa, sai ya yi tsaki ya ce Turawa dai akwai almubazzaranci, ga ma'aikata nan zaune suna cin wuta ba sa komai.

A wata kaka Nababa ya yi sallama a ƙofar gidan Jinaidu. Shi yana aiki ne a wani kamfanin gyaran shinkafa a hanyar Tungan Magajiya, kuma durowarsu irin ɗaya ce da ta Jinaidu. Tsawar ƙarshen damina ta kashe masa katunan awon ruwa, Hasan da Usaini gaba ɗaya. Tukunyarsu a kashe, shinkafar manoma jibge a fili, masu kamfani sun ce in bai tayar da ita ba ya nemi wani aikin. Ya tuɓe takalminsa tun daga waje. Jinaidu na kan kujera, ya nuna masa ɗayar, amma Nababa ya zauna a bakin tabarma.

"Malam Jinaidu," ya ce, kuma bai taɓa sa masa Malam ba sai ranar, "naka Usainin zaune yake. Ka ara mini shi kafin kayanmu su iso. Ka rufa mini asiri."

Tun kafin ya rufe baki Jinaidu ya san zai bayar. Amma bai faɗa ba. Ya sa matarsa Sakinatu ta damo fura. Ya tambayi lafiyar tsofaffi, ya yi bayanin haɗarin abin dalla-dalla, kamar yana koyar da ɗan aji ɗaya, ya bar Nababa ya maimaita roƙon da wasu kalmomin. Sannan ya ce ya je ya dawo gobe, zai yi tunani.

Daga baya, duk lokacin da ya zauna da kansa, Bappa yake jawowa ya tsaya masa. Ai haka aka tashe shi. Abu na tsaye, ɗan uwa na kuka. Amma Bappa bai taɓa cewa mai roƙo ya je ya dawo gobe ba. Kuma Bappa karsana yake bayarwa, ba igiyar da ke riƙe da bijimi ba. Jinaidu ya fi kowa a garin sanin cewa Usaini ba zaman banza yake ba, zaman shi ne aikinsa. Abin da ya saya da katin nan bai wuce ganin tsakiyar kan Nababa daga sama ba, da 'yar furfurar da ta fara fito masa a wurin.

Da ya zare katin, ƙararrawa ta fasa kuka, don durowar ta san an raba tagwaye. Akwai wani ɗan maɓalli a bayanta da ake juyawa a gaya mata kati ɗaya ne a wannan gurbin. Ya juya shi, kukan ya tsaya. Ya rufe gurbin da marfin roba, ya kulle ɗaki. Da ya fito Andarawus ya tambaye shi kukan me ya ji, ya ce gwaji ne.

Kayan da Nababa ke jira daga Legas ba su iso ba. Jinaidu bai aika a karɓo katin ba. Duk ranar kasuwa Nababa kan aiko da gaisuwa, wani lokaci da zabbi, kuma in sun haɗu a wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu biyu. Aron da aka mayar, godiyarsa ta ƙare. Jinaidu bai shirya ta ƙare ba.

Wata Juma'a cikin zafin bazara, liman na huɗuba, Hasan ya mutu. Bai mutu da hayaniya ba. Ya daskare ne a kan karatunsa na ƙarshe, cewa ruwa ya isa. Katin umarni ya gaskata shi, ya bar bawul a tsuke. Allura ta tsaya cak a inda ake son ta. Wuta na ci, ruwa na ƙonewa, babu na biyun da zai ce ƙarya ne. Andarawus na zaune a bencinsa yana kallon allo. Da ya ji tukunyar ta canja murya, ya tashi ya nufi bawul ɗin hannu, kafin ya kai wani bututun tururi ya fashe. Tururin ya same shi daga kunnen dama har yatsu.

Jinaidu ya dawo da darduma a kafaɗa ya tarar an riga an wuce da shi asibiti. Ya shiga ɗakin sanyi shi kaɗai. Jar fitila a goshin Hasan, marfin roba a gefensa.

Washegari da sassafe ya hau babur ya kama hanyar Tungan Magajiya. Nababa ya ji labari tun kafin ya iso. Bai yi musu ba, ya kashe tukunyarsa, ya zare katin ya naɗe a tsumma. Abu ɗaya ya tambaya, ko mutumin zai rayu. Jinaidu ya ce ana sa rai. Nababa ya miƙa masa da hannu ɗaya.

A hanya Jinaidu ya yi ta gaya wa kansa cewa kayan kamfani yake mayarwa wurinsu, ba wani abu ba. Amma wanda ya iya karanta 'yar wutar da ba ta isa ta kashe ƙuda ba, ba zai ce bai hango abin da zai biyo baya ba. Ya tura Usaini a gurbinsa, ya mayar da maɓallin baya yadda yake. Fitilar ta ƙyafta, ta zama koriya.

Injiniyan da aka turo daga Kaduna, James, mutum ne mai hankali, ba ya gaggawa. Ya buɗe durowa ya ga abin da aka ajiye masa ya gani: Hasan matacce, Usaini ya karɓi aiki lafiya lau. Ya gwada ƙararrawa, ta yi kuka. Ya ce to, in haka ne allo ya faɗi gaskiya ranar, ƙararrawa ma ta yi nata, saura wanda aka ajiye ya ji ya gani. Ya hau tsani ya shafa bututun gilashin, yatsansa ya dawo baƙi. Sannan ya juyo.

"Malam Jinaidu, an taɓa wani abu a durowar nan kafin abin ya faru?"

"Ga ta nan yadda kake ganinta, Injiniya."

Manaja ne ya tuno da zancen burkutu. Ya ce shi dai ya sha jin ana faɗa, kuma daga bakin wanda ya fi kowa kusa da mutumin. Jinaidu ya ce wasa ne. Ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, sau ɗaya, kuma ya ga yadda suka ɗauka: mutumin kirki na rufa wa abokinsa asiri. Aka sallami Andarawus daga aiki yana kwance, an rubuta sakaci a bakin aiki. Maganar ta riga shi isa coci. Aka ce ya ɗan huta da zaman dattawa tukuna.

Daga ranar Jinaidu ya zama wanda gari ya sani. Shi ke kai abinci asibiti. Da aka sallamo Andarawus, shi ke ɗaukarsa a babur zuwa wankin ciwo, yana tafiya a hankali saboda ramuka. Hannun ya warke a lanƙwashe, fatar ta tattare kamar ganda. Jinaidu ya nema masa gadin rumbunan hatsi a kasuwa. In kaka ta yi, buhun dawa na farko gidan Andarawus yake sauka. Liman ya taɓa kawo shi misali a wa'azi, bai faɗi suna ba, amma sahu ya juyo ya dube shi. Ranar bai iya cin tuwo ba.

A wurin aiki kuma ya zama wani iri. Ko sukuddireba ba ya ba da aro. Yakan kashe sabon Hasan da gangan ya ga ko Usaini zai karɓa, ya sa a goge gilashin nan safe da yamma, har ma'aikata suka ce tun da abin ya faru Oga ya samu taɓi. Shi da Nababa suka koma gaisuwa daga nesa. Kowa na riƙe da wuyan kowa, ba mai matsawa.

Mata biyu ne kawai ba su shiga sahun masu yabo ba. Agatha, matar Andarawus, takan karɓi buhu ta ce an gode, idonta a kan buhun. Ba ta taɓa cewa komai ba, amma ta zauna da mijinta tun suna yara, ta san ba ya barci a zaune. Sakinatu kuwa ta yi magana, wata rana tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce masa ƙaninsa na jini ya karye a ruga, sau ɗaya ya je duba shi. Ta ce ita ba ta hana alheri ba.

"Amma Malam, mai yi don Allah yakan manta wani lokaci. Kai ba ka taɓa mantawa ba."

Ya ce mata ta iya bakinta. Ta ce ta iya, shi ya sa a ɗaki ta faɗa.

Abin da Jinaidu bai yi tsammani ba shi ne abin da shekaru suka yi wa Andarawus. Da fari yana rantsuwa cewa idonsa biyu, allura ba ta motsa ba, ƙararrawa ba ta yi kuka ba. Ya faɗa wa manaja, ya faɗa wa fasto, ya faɗa wa Jinaidu a kan babur, bakinsa daidai kunnensa. Jinaidu yakan ce Allah ya san gaskiya. Daga baya rantsuwar ta koma tambaya. Ya ce ranar ya ci tuwo da yawa, ga zafi. Ya ce injin Bature da mutum biyu ke gadi ba zai yi ƙarya ba, shi kuwa ɗan Adam ne. Wata rana ya ce kamar ma yana tuna ƙarar, can nesa, kamar a mafarki. Jinaidu na jinsa yana gina laifin da hannunsa mai lafiya, tubali bisa tubali, bai ce ya tsaya ba.

A tsakiyar shekarun casa'in, da ƙarfi ya fara ƙarewa, Andarawus ya ce zai koma Salka, 'ya'yan ɗan uwansa su noma masa. Jinaidu ya samo a-kori-kura. Da hantsi aka ɗora gado, tukwane, buhuna da kaji a kwando. Agatha ta riga ta shiga gaba. Maƙwabta sun taru ana ta sallama, kowa na cewa a yafe abin da aka yi wa juna, yadda aka saba in zama ya ƙare.

Andarawus ya ja Jinaidu gefe, bayan motar, inda ba kowa. Ya kama hannunsa da na hagu.

"Oga, akwai abin da ban taɓa roƙonka ba, kunya ta hana ni. Ka ba ni amanar tukunyarka, na yi barci, na ɓata maka aiki. Ka san haka, ba ka taɓa goranta mini ba, ko a fuska. Ka yafe mini kafin in tafi. Ba na son in kai wannan gaban Ubangiji."

Jinaidu ya dubi tabon da ya hau wuyan mutumin. Ya ce, "Baba Andarawus, ni ne zan ce ka yafe mini."

Tsohon ya yi dariya. "Kai? Me ka yi mini? Faɗi in ji."

Ya tsaya yana jira, da gaske yake jira, kansa a karkace saboda kunnen dama ba ya ji sosai. Babu manaja, babu injiniya, kamfanin ma ya kusa rufewa. Ba abin da Jinaidu zai rasa sai fuskar nan da ke kallonsa, da abin da za a faɗa a gari in motar ta tashi. Ta madubin gefe ya hango idon Agatha.

"Zaman tare," in ji Jinaidu. "Ka san zaman tare."

"Wannan ai ba komai. Na yafe. Saura nawa."

Direba ya danna ham. Andarawus bai saki hannun ba.

"Na yafe maka," in ji Jinaidu.

Ya ga kafaɗun tsohon sun sauka, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya tallafa masa ya hau bayan motar, ya gyara masa buhu ya jingina. Motar ta ja. Wata tsohuwa cikin maƙwabta ta ce Allah ya ƙaro mana irin Malam Jinaidu, jama'a suka ce amin. Shi ma, da yake duk ido na kansa, ya shafa.